Sunan da Manhajata Ta Haɗiye

Na yi kurakurai da yawa a wannan sana'a tamu ta rubuta manhaja, wasu ma na manta da su, wasu kuma in na tuna dariya nake yi. Amma akwai guda ɗaya da na yi a Jimeta, shekarar da mutane suka yi ta kwararowa daga Mubi da Michika da Madagali, wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba. Na samu aiki da wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira, ofishinmu ɗaki biyu ne a Demsawo. Aikinmu shi ne haɗa waɗanda suka rabu da iyalansu a hanya. Ma'aikatanmu suna zagaya sansanoni da makarantu da gidajen da aka sauke baƙi, suna rubuta sunan kowa a waya, da garinsu, da wanda yake nema. Da yamma su kawo wayoyin ofis, ni kuma in kwashe bayanan in zuba a rajista guda. Wanda ya zo neman ɗan'uwansa sai in buga sunan, in gaya masa inda yake.

Bayanan suna fitowa ne daga wayoyin a wani tsari da ake kira XML. Ba wani abu ba ne mai wuya: kowane bayani yana zaune tsakanin alamar buɗewa da alamar rufewa, suna a nasa gurbi, gari a nasa. Ba wanda ke zama ya rubuta abin da zai karanta irin wannan fayil tun daga tushe. Akwai aikin da wasu suka riga suka yi suka ajiye, mu a wajenmu laburare muke ce masa, sai ka zaɓi ɗaya ka ɗora naka aikin a kai. Guda biyu na samu a gabana. Na farko mai tsanani ne, in ya ga kuskure ko na harafi ɗaya a cikin fayil sai ya tsaya cak, ya ce layi kaza ya lalace, ba zai ci gaba ba sai an gyara. Na biyu mai sauƙin kai ne, in ya ga kuskure sai ya yi hasashen abin da ake nufi ya wuce abinsa.

Da na farkon na fara. Ranar farko ya tsaya mini sau bakwai. Ga mutane a tsakar gida a zaune cikin rana suna jira, ga janareta da ba a kunna ta sai awa uku, ga shugabanmu yana leƙowa yana tambayar ko an gama. Da na gwada na biyun, cikin minti ɗaya ya karanta komai bai ce uffan ba. Na ji wani daɗi, har na ɗaga hannu sama ni kaɗai.

Akwai wata da muke aiki tare, 'yar Numan ce, Kirista, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Malamar kwamfuta ce a wata sakandare kafin ta zo wajenmu. Adda nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanena. Ta tsaya a bayana tana kallon allon kwamfutar, ta tambaye ni ina kurakuran da ɗayan yake ta kuka a kansu suka tafi. Na ce wannan ya gyara su da kansa.

"Ya gyara, ko ya jefar?" ta ce. "Ƙanena, ni wannan da ba ya magana ina tsoron shi. Kwamfutan ka bai gaya maka abin da ya yi da su ba."

Na ce mata ba mu da lokaci, in abubuwa suka lafa zan koma in duba. Ba ta ja maganar ba, don ita ma tana da motar abinci da ke jiran ta. Yau in na tuna, abin da ta nema bai fi aikin rabin awa ba: in ƙirga mutanen da ke cikin fayil, in ƙirga waɗanda suka shiga rajista, in ga ko sun yi daidai. Ban yi ba. Ina ganin kaina gwani ne, kuma abu yana aiki.

A cikin makon ne wani dattijo ya fara zuwa. Malamin allo ne, mutumin Barno. Ya ce sau biyu ke nan yana gudu, daga garinsu zuwa Mubi, daga Mubi zuwa nan. A gudu na biyun, cikin daji wajen Hong, aka yi harbi jama'a suka watse, ya rabu da matarsa da jikokinsu biyu ƙanana, 'ya'yan ɗansu da aka kashe. Da ƙafa ya iso Yola, ƙafar dama a kumbure, ya ɗaure ta da tsumma. 'Yan kasuwar Barno na Jimeta ne suka ba shi wurin kwana a wani masallaci.

Kullum bayan azahar yake zuwa. Ba ya shiga layi da hayaniya, sai ya zauna a bakin baranda yana jan carbi har kowa ya gama. Sannan ya cire takalmi a ƙofa, ko da yake na sha gaya masa ba sai ya cire ba, ya faɗi sunan matarsa da na mahaifinta a hankali kamar ban taɓa ji ba. In buga, in juya rubutun sunan ta kowace hanya da na sani, allon ya nuna babu. In ce masa, "Malam, har yanzu ba ta shigo ba." Ya ce, "To, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Sai gobe."

Kwana goma sha shida ya yi yana zuwa. A rana ta ƙarshe ya ce mini ya haɗu da wani direba da ya ce ya ga mata da yara da yawa daga Mubi sun bi ta Maiha sun tsallaka Kamaru. Yana so ya je ya duba. Kafin ya tashi ya tambaye ni ko na tabbata duk wanda aka rubuta a Yola da kewaye yana cikin wannan na'ura. Wannan tambayar ita ce ba na iya mantawa, da amsar da na ba shi. Na ce, "Malam, duk wanda ma'aikatanmu suka rubuta yana nan. Da tana nan da na gan ta." Ya gyaɗa kai, ya sa takalminsa ya fita.

Bayan kwana tara Adda ta je rabon abinci Namtari, wani ƙauye kusa da Yola, inda manoma suka sauke wasu iyalai a gidajensu. Ta dawo da rana tsaka, fuskarta ba yadda na saba gani ba. Ta ce mata da dama sun taso mata, sun ce an rubuta su tun makonni amma ba sunansu a takardar rabon da na buga daga rajista. Ta ce ta lura da abu guda: kusan dukansu masu goyo ne ko masu ƙananan yara. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce in buɗe fayil ɗin Namtari da laburaren farko.

Na buɗe, ya tsaya a layi na ɗari da wani abu. Muka duba layin. Wata ma'aikaciyarmu, wadda ta taɓa aiki a asibiti, in ta ga mace da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sai ta rubuta a gurbin ƙarin bayani kamar yadda suke yi a can: alamar nan mai kama da bakin kibiya, sannan lamba biyar, wato ƙasa da biyar. To wannan alamar ita ce dai alamar buɗe gurbi a XML. Laburaren da na zaɓa yana ganinta sai ya ɗauka an buɗe sabon gurbi, ya rikice, ya haɗiye sauran bayanin matar, ya tsallaka zuwa na gaba. Mata arba'in da uku ya yi wa haka, ba tare da ya nuna mini komai ba.

Muka gyara fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Na buga sunan matar Malam, sai ga shi ya fito. Tana Namtari, ita da jikoki biyu. An rubuta ta kwana huɗu kafin ya fara zuwa ofishinmu. Duk zaman da ya yi a barandarmu, tsakaninsa da ita bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba.

Na tashi da gudu na tafi masallacin da yake kwana, daga nan kasuwa wajen mutanen Barno. Ba shi da waya. Suka ba direbobin hanyar Maiha saƙo, ni ma na yi ta zirga-zirga tasha safe da yamma. A kwana na shida wani direba ya kawo labari. Ƙafar ce ta rube masa a hanya, zazzaɓi ya kama shi a wani ƙauye kusa da iyaka. Mutanen ƙauyen suka yi jinyarsa kwana uku, ya rasu, suka yi masa sutura.

Shugabanmu ya ce a tura wani ya sanar da matar Malam. Na ce ni zan je. Adda ta ce za ta raka ni, kuma a duk tsawon hanyar ba ta ce mini ai na gaya maka ba, har yau ma ba ta taɓa faɗa ba. Mun sami tsohuwar a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗar masu gidan, yaran biyu suna wasa da ɓawon. Matar gidan, Bafulatana, ta shimfiɗa mana tabarma. Na durƙusa na gaida tsohuwar, na faɗa mata rasuwar. Ta yi salati, ta daɗe kanta a sunkuye. Sannan na faɗa mata sauran, cewa sunanta yana hannunmu tun farko, ni ne na yi sakaci na'urar ta ɓoye shi, ni ne kuma na ce masa ba ta nan. Ban sani ba ko ta gane zancen na'urar. Abin da ta tambaye ni daban ne.

"Ya zo nemana?"

Na ce, "Kullum, Inna. Kwana goma sha shida, bai fasa ko ɗaya ba."

Ta tambaye ni ko yana samun abinci a can masallacin, ko an ba shi bargo, don shi mutum ne mai jin sanyi. Na amsa abin da na sani. Daga ƙarshe ta ce kwanansa ne ya ƙare, in tashi in daina durƙuso. Na san gaskiya ta faɗa, ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai sauke mini komai ba. A mota muna dawowa na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Yanzu ina da 'yan shekaru a aikin, har matasa nake koyarwa a nan Yola. In suka tambaye ni wane laburare ya fi, suna jiran in ce wanda ya fi sauri ko wanda ya fi sauƙi. Abin da nake ce musu shi ne su ba shi fayil ɗin da ya lalace da gangan, su ga me zai yi. In ya tsaya ya yi ƙorafi, su riƙe shi ko da zai ɓata musu rana. In ya wuce shiru, su nemi inda zai rubuta musu abin da ya tsallake, in babu su rabu da shi. Kuma kowane lokaci su ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fito. Abin da wannan lamari ya koya mini ke nan, da kuma wani abu da ya fi shi nauyi: kada in ƙara ce wa mutum na tabbata alhali ban duba ba, domin wanda ke tsaye a gabana zai iya ɗaukar maganata ya kama hanya da ita.