Telan Da Ke Auna Inuwa

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Kawu Bawa a Tambuwal ya san tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa ado ne kawai. Kawu inuwa yake aunawa. Za ka zo da yadinka, sai ya fito da kai waje, ya tsayar da kai jikin farin bangon shagonsa, ya ja da baya yana ƙanƙance ido. In ka yi magana ya ce ka rufe baki, wai inuwarka tana motsi.

Kun tuna wani babban ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya taso daga Kebbe a kan babur, ya sha wannan hanya tamu mai karya ƙugu, ya iso da tsakar rana? Shadda ya kawo mai tsada, babbar riga yake so. Kawu ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sai la'asar."

"La'asar kuma? Daga Kebbe fa nike!"

"Ko daga Makka kake. Inuwarka ta shige ƙarƙashin takalminka, mi nika aunawa?"

Bawan Allah ya zauna kan benci har aka yi sallah. Da aka tsayar da shi jikin bango, Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai. "Wallahi ba ni yi maka babbar riga. Yanzu tulu kake. In na ƙara maka yadi, rumbu za ka koma." Kaftani ya ɗinka masa, kuma mutumin bai sake kai ɗinki wani wuri ba.

Ga tattali kamar me! Kawu ba ya yar da komai: kwali, tsohuwar tabarma, wayar bokiti, duk yana da wurin da zai cusa su don riga ta tsaya. Akwai wani ango daga Fakku da ya sa wa kwalin taliya cikin wuyan farar riga. Wuya ya tsaya ƙyam, kowa na yabawa. Ran ɗaurin aure ruwa ya sauko, wuya ya laɓe, hoton taliya ya fito raɗau a bayan ango. Da ya zo yana kumfar baki, Kawu ko ɗagowa daga keke bai yi ba. "Ni nic ce a ɗaura aure da damina?"

To, ni Nura, ɗan ƙanwarsa, nawa rabon daban ne. Tun ina sakandare nake mayen katun ɗin Japan da ake kira anime, kuma da na gama karatu a Sakkwato ba abin da nake yi sai zane. Baba kuwa ya gaji. Ya samo mini aikin akawu a garinmu Kebbe, ya ce washegarin babbar sallah in ajiye fensir in kama aiki. Ana cikin haka wasu matasa masu yin katun a Sakkwato suka shirya taro: kowa ya zo da jarumin da ya ƙirƙiro, a zane, kuma ya yi shigarsa. Wanda ya burge su za su ɗauke shi aiki. Sai dai taron wata guda ne bayan sallah. Na garzaya wurin Kawu.

"Kawu, kosfile za mu yi."

"Kwashe fili? Filin wa? Kai Nura, kar ka ja muna shari'a!"

Na bayyana masa cewa shiga ce mutum ke yi irin ta jaruman katun.

"To ka ce tashe na. Tashe ba azumi."

Na nuna masa wani katun a waya. Ya ce in kashe sautin, ya miƙe hannu ya riƙe wayar can nesa. "Wanga mai gashi kamar ƙaya, shi na jarumi. Wanga dogo mai faɗin kafaɗa mugu na. Wagga 'yar dunƙulalla ita ka ba su dariya." Duk daidai! Mutumin da bai taɓa kallon katun ba. Ya miƙo mini wayar yana jinjina kai. "Japanawan ga teloli na, na rantse."

Daɗi ya kama ni, na fito da zanena biyar da na yi wata uku ina yi. Kafin in ankara Kawu ya ɗauki almakashi. Ƙyat, ƙyat, ya bi gefen kowane jarumi ya yanke shi, ya kife su a kan baƙin yadi, bayan takardar na sama.

"Nuna min jaruminka."

Na duba, na sake dubawa. Ni da na zana su na kasa. Wallahi sai da hawaye ya cika mini ido, don haushi da kunya.

"Ka cika su da ido da zobe da maɓalli," in ji shi. "Daga nesa duk ɗiyan mace guda na. Ran kasuwa ka tafi bakin hanyar Sanyinna ka tsaya. Tun mutum na can nesa ka san makiyayi na ko mai nono ta. Idonsu kag gani?"

Na tafi ina ƙunƙuni, kuma na tarar gaskiyarsa. Malfa, sanda a gicciye kan kafaɗa, hannaye rataye a kanta, siraran ƙafafu. Tun kafin fuska ta bayyana ka gama sanin mutum. Na koma na sake jarumina daga farko, na mai da shi makiyayi. Sallah ta zo ta wuce, Baba bai ce uffan ba a kan aikin akawu, ni ma na yi tsit kamar ba na gidan.

Kawu ya kama ɗinki. Malfar ya faɗaɗa ta ninki uku, ya zagaye bakinta da waya. Kafaɗun ya tayar da su da tabarma, wandon ya tsuke shi har ina tsoron zama. Na roƙe shi ya ɗan yi mini aiki a gaban rigar, ko da zare mai ƙyalli.

"Aiki sai an matso aka ganinai. Kai daga ƙofa nika son a gane ka."

Ran taro kuwa, ana shirin farawa wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Sai aka wangale babbar ƙofar zauren, aka ce kowa ya shigo ta nan. Rana na bayanmu, zaure duhu. Masu kayan ƙyalli da suka kashe kuɗi, duk baƙin dunƙule kawai ake gani yana tahowa. Da na sako ƙafa, wani daga can baya ya ƙwala: "Makiyayi!" Zaure ya ɗauki tafi. Kafin in cire malfa an ce in zo ran Litinin.

Nan take na kira Kawu a waya. "Kawu, an ɗauke ni!"

"Madalla. Malfar ta dawo lafiya? Wayar bokitin innarka ta, tun jiya taka nema."

Bara Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Muna zaune wurin karɓar gaisuwa, Baba ya matso kusa da ni, ya tambaye ni ko na san abin da ya sa bai sake yi mini maganar akawu ba. Na ce na ɗauka mantawa ya yi. Ashe ana saura kwana uku sallah, lokacin da ko tashin gobara ba ya tayar da tela daga keke, Kawu ya rufe shago ya hau babur har Kebbe, da ciwon bayansa. Ya ce wa Baba: "Malam Usmanu, akawu ko'ina ana samu. Yaron ga na da ido, ni nig gani. Ba ni shi wata biyu. In bai yi ba, ni da kaina nika kawo maka shi." Sannan ya ce kada a gaya mini, don kar kaina ya kumbura.

Ni kuwa duk zuwana shagon nan, tsokana muke yi, ban taɓa zama na ce masa na gode ba. Kawu, na gode. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka tsaya mini ban sani ba, Allah Ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani.