Dawo da Kanumfari

A shekarar da aka kawo allurar korona Dakoro, ƙanwata tana koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare, ni kuwa hura nake saidawa. Wata ranar Lahadi da hantsi ta iske ni ina cura dawo, ta zauna tana kallon hannuna.

"Yaya, ki ba ni curi uku. Gobe zan koyar da ƙayar korona, zane kuma ba ya shigar yaran."

Ta ɗauko kanumfarina, ta riƙa ɗaure uku-uku da zare tana tsirawa a jikin dawon. Ta ce haka ƙwayar cutar take, kowace ƙaya furotin ce mai silli uku a murɗe. Kan ne ke laluben ƙofa a jikin ƙwayar halittar mutum ya kama, sannan gindin ya jawo ƙwayoyin biyu su haɗe, cutar ta shige.

Muna cikin haka kawunmu ya yi sallama. Makiyayi ne, daga Tagriss ya kawo raƙuma kasuwa. Ya tsuguna ya ga curi biyu sun sha kanumfari, na uku kuma ashana.

"Ɗiyata, wannan me ya yi aka bambanta shi?"

Ƙanwata ta ce, "Kawu, ai naku ne. Raƙuma ma suna da tasu koronar. Waɗannan biyun na mutane ne, ta yanzu da wata da aka yi can baya, ƙofa ɗaya suke kamawa. Ta raƙumi kanta daban, ƙofarta daban, amma duk dangi ne."

Kawu ya juya curin a tafinsa, ya daɗe yana dubawa.

"To, allurar fa?"

Ta zare kanumfari ɗauri guda ta miƙa mishi. "Wannan kaɗai ake nuna wa jiki, don ya shaida ta in ta zo."

"Kamar yadda nake nuna wa maƙwabta shaidar da ke wuyan raƙumina ke nan," in ji shi. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

Washegari ta ɗauke su a faifai zuwa aji. Kwana uku dawon ya bushe ya tsattsage, sai muka sake su da yumɓu. Ɗalibanta kuwa suka gano gidanmu. Duk tashin lakwal, da an sallame su daga aji, sai su zo ƙofa suna tambayar hura mai ƙaya, har na ƙara tiya guda a kan geron da nake dakawa.