Mai Zama Nesa

A shekarun da kuɗin mai suka kwashe samarin Ruwan Godiya zuwa Kurmi, gidanmu ya rage daga ni sai kakata, Iya. Mahaifiyata ta rasu ina goye, Baba kuma ya bi motar Legas aikin sauke siminti, shiru ba aike. Da an yi magariba Iya kan tura karan dawa a murhu, mu zauna mu biyu a tsakar gidan da ya yi mana yawa.

Wata rana na ce mata Baba ya manta da mu. Ta gyara wuta, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, in kama.

Wai wani makiyayi ne ya yi fushi da wansa, ya ɗauke bukkarsa zuwa bayan dutse. Kullum da yamma wani baƙo kan zo masa hira, ya ce babu mai cigiyarsa a gari, gara ya ƙara gaba. Haka ya yi ta matsawa har ya daina jin kiran salla. Ran da wan ya iso da ƙwaryar fura yana ƙwala masa kira, sai makiyayin ya kwanta cikin ciyawa, don baƙon ya riga ya gaya masa ba a yafe laifi irin nasa. Wan ya gaji ya koma.

Na tambaye ta sunan baƙon.

"Shaiɗan mana. Kakanki Malam ya ce da Larabci ma'anatai wanda ya yi nisa. Ɗaya sunan, Iblis, wanda ya yanke ƙauna. Shi kaɗai yake, ɗiyata, shi ya sa yake neman abokin zama."

Na ɗauka tatsuniya ce kawai.

Baba ya dawo bayan an yi wa Iya arba'in, a rame, da 'yar jaka. Sai da na girma ya faɗa mini ya taɓa zuwa har tashar Funtua, dab da gida, ya dubi hannunsa babu tsaraba, ya sake hawa motar kudu.

Yanzu nakan yi tunanin ba ni Iya ke ba labarin ba. Wanda take so ya ji yana can inda murya ba ta kaiwa, ni kuwa ni ce kurum a kusa.