Tafin Hannun Malam Ilu

Duk wanda motarsa ta taɓa tafasa a wajen Ƙofar Dawanau ya san Malam Ilu mai lagireto. Maƙwabcina ne a Koki. Shekara talatin yana liƙin dalma a wata 'yar rumfa, amma ba liƙin ne ya fito da shi ba, tafin hannunsa na dama ne. Zai ɗora shi a kan bonet, ya lumshe ido kamar mai gwada zazzaɓin jariri, ya ce, "Nan ne ta toshe." A buɗe, a tarar nan ɗin ne. Mukan tsokane shi cewa ko tuwo bai yarda ya ci da hannun nan ba.

Filin rumfar na wani Alhaji ne, shi ya ba shi ya zauna kyauta. Ɗan Alhajin, Jibrin, ba shi da aiki sai wasan mota a gidajen biki. Shi ya sa aka cusa wa wata 'yar ƙaramar mota ƙaton inji, aka ƙara masa tabo, na'urar nan mai ƙara wa inji ƙarfi, aka fesa mata jan fenti, ya kawo wa Malam Ilu don tana zafi.

Malam Ilu ya dafa bonet, ya janye hannu da sauri.

"Alhaji ƙarami, injin nan ba ya numfashi. Sai an naɗe salansa, a huda bonet nan da nan, zafi ya samu hanyar fita."

Ya ɗauki alli ya zana wurare biyu. Jibrin ya goge da hannun riga.

"Baba, ka san kuɗin fentin nan kuwa? Ka haɗa fanka dairek kawai, kamar yadda kowa yake yi."

Ya haɗa. Wa zai ja da ɗan mai fili?

Ranar Asabar da la'asar, ana tsaka da juyi da motoci a wani biki a Gwale, motar ta tafasa. Jibrin ya aika aka ɗauko Malam Ilu a babur. Samari sun kewaye ta, kowa ya ɗaga waya.

"Buɗe ka zuba mata ruwa, Baba. Jama'a na jira."

"A bar ta ta huce, ko rabin awa ne."

"Au, tsoro kake ji? To gobe ka kwashe komatsanka daga filinmu."

Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hana direbobi taɓa murfin lagireto da zafi, shi ne ya naɗe tsumma ya murɗa, saboda rumfa mai kwano huɗu. Ruwa ya yi tsiri ya wanke masa wuya. Ya yi taga-taga, ya dafa tabon injin nan da ya yi jajir, da hannun dama.

Abin da Jibrin ya fara dubawa fentinsa ne.

Bidiyon ya zaga gari kafin magariba, an ɗora masa kiɗa. Direbobin da ya yi wa aiki shekara da shekaru su ne kan gaba wajen dariya, wai gwanin lagireto bai san ba a buɗe shi da zafi ba. Ba a kore shi daga filin ba, babu buƙata. Ba mai kawo mota.

Jibrin kuwa ya kai motar wani gareji, aka huda bonet daidai inda alli ya zana. Yana gaya wa abokansa dabararsa ce.

Hannun ya warke, fatar ta yi sumul tana sheƙi kamar leda. Jiya da safe na shiga gaishe shi, na tarar matarsa Safiya ta sauke ruwan wankan jikarsu. Ta manta hannun ya daina jin zafi, ta ce, "Malam, taɓa min ka ji ko ya yi."

Ya tsoma hannun a baho, ya daɗe bai cire ba. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Malam Yusuf, zo ka taɓa mata."