Jimrau da Aka Koya wa Faɗuwa

In kana son ka ga Abarci ya haɗe rai, to ka ambaci judo a gabansa. Tsohon ɗan kokowa ne, ya shekara ashirin yana ɗaga ƙarti a filayen Dakoro da Kornaka, kuma judon nan ita ta ƙwace masa ɗan ƙanwarsa, Jimrau.

Tun Jimrau yana lakwal, makarantar boko, Abarci ya ga ƙirar kokowa a jikinsa, wuya kamar na bajimi. Sai aka tura shi karatu Maradi, wani mushe, malamin wasanni, ya sa masa farar riga mai kauri, shi ke nan aka yi wa Abarci sakiyar da ba ruwa. Daga Maradi sai Yamai. Shekara goma sha biyar! Sau uku yana zama zakaran ƙasa a ajin nauyinsa, ya hau jirgi, ya ga ƙasashe. A Dakoro kuwa wa ya san ana yi? Ranar da ya kawo lambar zinariya, uwarsa Hamsatu ta jujjuya ta a hannu ta ce, "To, wa ka kayar?" Ya faɗi sunan wani mutumin Dakar. Ta ce, "Allah sarki, ɗan wane gida ne?" A kasuwar dabbobi kuwa kokowar masu riga ake ce mata, a bushe da dariya.

Abin ya ci masa rai. Yana da talatin da ɗaya, gwiwar hagu ta fara ƙorafi, ya naɗe rigarsa ya dawo gida, ya durƙusa gaban Abarci.

"Kawu, so nake a buga mini ganga a garinmu. Ko sau ɗaya in shiga cikin 'yan kokowa goman da Dakoro ke turawa Maradi, Inna ta ji makaɗi ya kira sunana."

Abarci ya ce, "Sai yanzu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Amma ya karɓe shi. Ɗan ƙanwa ne, ya za a yi?

Wayyo, Abarci ya sha haushi! Ranar farko Jimrau ya shiga fili ya rusuna wa abokin karawarsa, kamar ya ga suruki. Kafin ya ɗago an kwashe masa ƙafa. Da aka hana shi wannan, sai hannunsa ya dinga lalube a wuyan mutum.

"Wuyan rigar wa kake nema? Mutum daga shi sai walki!"

Wanda ya fi baƙanta wa Abarci rai shi ne wani kayen da suke yi can. Wai ka zube da baya da gangan, ka sa ƙafa a cikin mutum, ka wurga shi ta samanka. Da Abarci ya gani sai da ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Kai Jimrau, wane irin malami ne zai fara koya wa mutum faɗuwa? A nan wanda bayansa ya riga taɓa ƙasa shi ya sha kaye, ko da ya jefa wancan har Tagriss. Ka ji ni ko?"

"Na ji, Kawu."

Kuma wallahi ya ji. Shekara biyu yana bin filaye bayan girbi, kokowar ta zama sana'arsa, yana samun na hatsi har da ɗan rago. Ya iya karanta ƙafar mutum fiye da kowa, kafin ka motsa ya san inda nauyinka ya karkata. Ko sau ɗaya bai ƙara zubewa da baya ba. Abarci bai yaba ba, shi ba ya yabo, amma ya je gaban masu zaɓe ya bugi ƙirji ya ce a sa ɗansa cikin masu neman shiga goman nan, shi ya tsaya masa. Likita kuwa ya riga ya gaya musu gwiwar nan ba za ta kai baɗi ba. In bana ta wuce, ta wuce har abada.

Ranar zaɓe, bayan la'asar, tara sun samu shiga, saura gurbi ɗaya. Jimrau ne da Rabo na Ɗan Gulbi, wani ƙaton makiyayi mai turo mutum kamar bajimin sa. Hamsatu na cikin mata, karonta na farko a filin kokowa. Makaɗi ya ɗauki sunan Jimrau, ta rufe fuska da gyale.

Suka sarƙe. Rabo ya turo, Jimrau ya ja baya. Ya sake turowa da dukan ƙarfinsa, kai a sunkuye, ciki a buɗe. Abarci ya ga buɗin, ya ga idon Jimrau ya faɗa a kai, ya ɗaga murya.

"A'a! Kada ka..."

Ina! Sabo turken wawa. Jimrau ya zube, ƙafa ta shiga ciki, Rabo ya tashi sama ƙafafu na kallon gajimare, ya tafi ya daki ƙasa tim, rairayi ya turnuƙe. Fili ya kaure da ihu, Hamsatu ta rangaɗa guɗa. Jimrau ya miƙe tsam yana murmushi.

Alƙalin fili ya wuce shi, ya je ya tayar da Rabo, wanda bai ma san gabas ba, ya ɗaga hannunsa. Guɗar Hamsatu ta tsaya a rabi. Tana ta tambayar matan kusa me ya faru.

Abarci bai motsa daga benci ba. Ga zagi cike da baki amma ya rasa wanda zai fara. Jimrau ya iso yana ɗingishi, rairayi manne a bayansa tun daga kafaɗa har ƙugu, ya tsuguna.

"Kawu, wallahi ban san na yi ba. Jikin ne."

Abarci ya kau da kai.

"Amma Kawu... ka ga yadda ya tashi sama?"

Abarci ya dube shi ya daɗe, idonsa ya kaɗa.

"Na gani," in ji shi. "Duk Dakoro ta gani. Shi zai tafi Maradi."