Talatar Ruwanmu

Ni tun farko ban yarda da mai injin nan ba. Babban ɗana ya kama aiki a injinsa na casar shinkafa a Kura, sati bai cika ba sai ga shi da buhun dusa a bayan babur, wai Alhaji ya ce a kawo wa awakin Inna.

Na ce, "A ina ya san awakina?"

"Inna, kowa fa an ba shi."

"Kowa ya karɓa. Ni sai na ji dalili."

Awaki dai ba su jira dalili ba, suka cinye.

Gona ɗaya gare mu, wajen Bunkure a bakin kanal, wadda marigayi maigidana ya bari. Ruwan rani bi da bi ake sakinsa, namu ranar Talata. In Talata ta wuce ka sai wata Talatar, albasa kuwa ba ta jira. Ni gwiwa ta ƙi, ɗana kuma ya shiga aikin albashi. Wa zai yi ban ruwa?

Talatar farko sai na ga ya saɓi fartanya. Na ce, "Kai, an kore ka ne?"

"A'a. Alhaji ne ya tambayi ranar ruwanmu, ya ce kada ya gan ni ranar Talata."

"Zai yanke maka?"

"Ko kwabo."

Nan fa hankalina ya tashi. Na ga yadda gonakin mutane suka tafi a yankin nan. Mai kuɗi ya fara da gaisuwa, gobe ya aiko da taki, ka wayi gari kana ƙodago a gonar ubanka. Maƙwabciyata yatsa kawai ta dangwala a takarda, gonarta ta tafi. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan da furfurata, jikoki suna min dariya.

Wata Talata sai ga motarsa a bakin kanal. Ya tattare riga, ya zagaya gonar fangali-fangali yana kallo. Ya ce, "Inna, ƙasar nan da kyau take."

Na ce, "Da kyau take, kuma da mai ita."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kwana uku, sai ga ɗana da takarda wai kowane ma'aikaci ya sa hannu. Na ce, "Miƙo nan." Daga azahar har la'asar ina bin ta da yatsa. Suna, gari, ranar ruwa. Wani Lahadi, wani Alhamis, ɗana Talata. Na juya bayanta, na ɗaga ta a rana ko da wani rubutu a ɓoye. Babu gona, babu eka. Na kai wa malamarmu, ita ma abin da ta gani ke nan.

Duk da haka ban bari ya sa hannu ba. Na hau mota har injin, na same shi cikin ƙarar nan tasu.

"Alhaji, ba zagaye-zagaye na zo yi ba. Me kake nema a wurinmu?"

Ya sa aka kawo min kujera. Ya ce, "Inna, wani ya taɓa tsaya min a bakin inji ranar ruwansu. Jikinsa na nan, hankalinsa na gona. Bel ɗin inji ya tafi da yatsunsa biyu. Ba na son in sake gani."

"To ashe don kanka ne."

"Don kaina ne, Inna."

Maganarsa ta farko ke nan da ta shige ni. Na ce wa ɗana ya sa hannu.

Bara aka buɗe sabon inji a hanyar Zariya, wajen Garun Mallam, albashinsu ya fi. Ɗana ya kama rawar jiki, matarsa na zuga shi. Na ce, "Je ka tambayo min Talata."

Ya dawo yana sosa ƙeya. Wai sun ce su ba su san wata Talata ba, aiki aiki ne.

Na ce, "To ƙarin nasu za ka zuba wa albasa?"

Bai koma ba.

Albasa ta yi bana, alhamdu lillahi. Takardar gona kuwa tana ƙasan akwatina, makullin a wuyana. Dusa har yau tana zuwa, kuma har yau sai na cusa hannu har gindin buhu kafin in zuba wa awaki.