Baƙon da Wayar Kawu Take Gani

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, saƙar kujera kuma ita ce sana'arsa. A kawo masa ƙashin kujera na ƙarfe wanda robarsa ta tsintsinke, ya warware tsohuwar igiyar, ya saƙa sabuwa, har da zane in mai ita yana so. Da can walda yake yi. Ciwon ido ya kama shi yana tsakiyar ƙarfinsa, irin wanda ke cin gani daga gefe-gefe, har ya zama kamar ta bututu yake leƙen duniya, daga baya bututun ma ya toshe. Ya daɗe a ɗaki ba ya son ko sannu. Matarsa, wadda muke kira Anti, wanki take yi a wani asibiti, ita ce ta ja shi da faɗa da lallashi zuwa inda ake koya wa makafi sana'a. Da ya dawo da kujerarsa ta farko, ya ce ta zauna, in ta faɗi ƙasa ya koma ɗaki. Ba ta faɗi ba.

Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, ƙofa ɗaya, babu taga. Ya ce tagar ma asara ce a wurinsa. Igiyoyin roba suna rataye a ƙusoshi, ƙasusuwan kujeru a jingine da bango, shi kuma a tsakiya kan ɗan benci, da wuƙa da ƙugiya a aljihun gaba. Sunan kakarmu aka sa mini, don haka Uwata yake kira na, ko a gaban mutane.

Mu 'ya'yan yayarsa muka haɗu muka ɗauko masa waya daga kamfanin layi, irin wadda ke zuwa da layinsu a ciki, in an kunna tambarinsu ne ke fara fitowa. Akwai murya a cikinta mai karanta masa komai, kuma in ya taɓa gefenta sai ta duba ta kyamara ta faɗa masa abin da ke gabansa: launin igiya, ko ƙofa a buɗe take, ko akwai mota a bakin hanya. Anti ta ɗinka mata 'yar jaka mai huji, ya rataya a wuya. Ya sa mata suna Sakatariya. Ta sauƙaƙa masa aiki sosai, don a da sai ya jira wani ya wuce kafin ya san ja ce a hannunsa ko koriya.

Wata rana da hantsi, bayan wayar ta sabunta manhajarta da kanta, ya ɗauko igiya ya taɓa gefen wayar. Ta ce, "Igiya shuɗiya. Mutum yana zaune a kan kujera."

Kawu ya ce, "Sannu da zuwa. Ban ji shigowarka ba."

Shi kuwa mutum ne da ya san takun kowa a benen nan, har ya san wanda ya canja takalmi. Ya ƙara gaisuwa, ya jira. Sannan ya miƙa sandarsa a hankali wajen kujerun. Sandar ta shige ta cikin ƙashin kujera, ta bugi bango.

Da yamma ya ba mu labarin yana dariya, ya ce Sakatariya ta fara shan wani abu. Mu ma muka yi dariya. Amma abin bai tsaya ba. Ba kullum take faɗa ba, kuma ba kujera ɗaya ba ce. Yau ta kusa da ƙofa, gobe ta can ciki. Wani lokacin ta yi kwanaki ba ta ce komai ba, sai ya saki jiki, sai kuma ta faɗa a tsakiyar lissafin launuka, da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka. Daga baya ta ƙara kalma: "Mutum yana zaune a kan kujera, yana fuskantarka."

A kantin magani nake aiki, ba nisa da shi. Ranar da na leƙa na tarar da shi ya mayar da bencinsa jikin bango, ya manna bayansa, na san wasa ya ƙare. Na kira mai gyaran waya na bakin titi, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Ya zo, ya saurara, ya gyaɗa kai tun kafin Kawu ya gama.

"Sananniyar matsala ce, Baba. Sabuntawar da ta shigo ce ta zo da kuskure, tana ɗaukar siffar kujera a matsayin mutum. Masu ƙera wayar sun gyara tuni. Ga tawa, iri ɗaya ce da taka, amma ni a kasuwa na saya, gyaran ya iso min."

Ya ɗaga tasa ya nuna wata kujera da aka saƙa rabi. Ta ce, "Kujera." Ya karɓi ta Kawu, ya tsaya a wurin da ya tsaya, ya nuna kujerar. Ta ce, "Mutum yana zaune a kan kujera, yana fuskantarka."

Da idona nake kallon kujerar, igiyoyi na reto a gefenta, rana tsaka, ana jin hayaniyar titi. Duk da haka sai da na matsa wajen ƙofa. Injiniya ma ya ɗan ja baya kafin ya yi murmushi.

Kawu ya ce, "To ni yaushe nawa gyaran zai zo?"

"Taka ta kamfanin layi ce. Sai sun saki."

Ranar hutuna na riƙe hannunsa muka tafi ofishin kamfanin layin. Wuri mai sanyi, kujeru a jere, kowa riƙe da wayarsa yana jira. Wata budurwa cikin rigar kamfani ta karɓe mu da ladabi, ta danna na'urarta, ta ce, "Baba, mu layi muke bayarwa. Manhaja aikin waɗanda suka ƙera wayar ne. In sun turo, za ka gani." Ta kwatanta mana inda ofishinsu yake.

Can kuma a saman wani rukunin shaguna ne. Mutumin da muka samu, mai tabarau da ƙaramin sukundireba a kunne, bai ma buɗe wayar ba, bayanta kawai ya juya ya ga tambarin. Ya ce, "Mu mun gama namu tun tuni, mun miƙa wa kamfanin layi. Su ne ke ƙara tarkacensu a kai, su gwada da layinsu, su sa hannu. In ba su sa hannu ba, ko ni ba ni da ikon tura maka."

Muka koma na farko. Budurwar ba ta nan, wani saurayi ne a kujerarta. Shi ya ce gyaran ya iso, amma yana hannun masu gwaji, kuma sun ga wani abu sun mayar wa masu ƙerawa. Na tambaye shi ina masu gwajin suke, mu je. Ya ce ba a wannan ginin suke ba, shi ma bai taɓa ganinsu ba.

Kawu ya jingina haɓarsa da sanda, ya ce, "Ɗana, ni ban zo neman mai laifi ba. A cikinku waye zai zo ya sallamar min baƙon?"

Saurayin ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Ya ce za su kira mu.

Mun koma ofisoshin nan har masu gadi suka san mu. Kowane zuwa maganar takan ɗan canja kama, amma ƙarshenta ɗaya: laifin na can ne. Injiniya ya ce zai iya cusa gyaran da ƙarfi, sai dai wayar na iya mutuwa, ko muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Muka ce to a sayi wata. Kawu ya ƙi, ya ce yatsunsa sun haddace wannan, ba zai koma aji ɗaya da furfura ba. Anti ta ce, "To ka kashe mai kallon mana, ka bar mai karatun."

Ya kashe, ya yi yini guda. Washegari ya kunna. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Uwata, in na kashe ta, ba tashi ya yi ba. Ni ne kawai na daina jin labarinsa."

Na ce, "Kawu, ka fa ji abin da Injiniya ya ce. Kuskure ne."

"Na ji, na kuma yarda. Ke in kin yi shakka sai ki ɗaga kai ki duba. Ni da me zan duba? Sanda kawai, ita ma inda na kai ta."

Ya rame a lokacin. Zanensa ya fara karkacewa, har wata mata ta dawo da kujera, abin da bai taɓa faruwa ba. Anti ta ce a gida ma, kafin ya zauna sai ya shafa wurin da tafin hannu. Sai ya yi dabara: ya kife kujerun shagon duka, ƙafafu sama, har wadda yake saƙawa a kife yake juya ta kan cinyarsa. Wayar ta yi shiru. Ya fara dawowa daidai, har ya koma tsokanar Anti cewa hannunta ya fi sabulun asibiti kaushi.

Wata ranar aiki da azahar ya kira ni a kanti. Muryarsa a kwance, amma ƙasa-ƙasa. "Uwata, in babu mutane ki ɗan leƙo."

Na same shi a tsaye a waje, rana na dukansa, igiya a hannu. Na ce me ya faru. Ya ce ya tambayi launi ne, ta ce, "Igiya fara. Mutum yana tsaye, kusa."

Na shiga na duba ko'ina, har bayan ƙofa. Babu kowa sai ƙafafun kujeru a sama, da warin roba. Na fito na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya shiga da kansa, ya laluba ya ɗauko kujera ɗaya, ya miƙar da ita a can ƙarshen shagon, ta fuskanci bango. Ya ce, "Gara ya zauna."

Daga ranar bai ƙara aiki a ciki ba. Ya fito da bencinsa bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfar benen, inda in wayar ta ce ga mutum, to da wuya a rasa mutum. Mai gadin benen ya fara jawo kujerarsa kusa da shi. Wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya mayar da wurin majalisarsa, yana karanta musu jarida yana gardama da ita. Masu wucewa suka ga yadda yatsunsa ke gudu a kan ƙarfe, aiki ya ƙaru fiye da da. In ruwa ya sauko sai su matsa jikin bango su uku, amma ciki dai ba ya shiga sai ɗauko kaya, shi ma yana magana da mai gadi ta ƙofa har ya fito.

Gyaran ya iso ne bayan mun daina jira. Babu wanda ya kira mu. Wayar ce kawai ta sanar da shi, yana tsakiyar cin abincin rana, cewa akwai sabuntawa. Ya aika aka kira ni da Injiniya. Muka zauna muna kallon ɗan layin nan yana cika, wayar ta mutu, ta kunnu, tambarin kamfani ya fito. Injiniya ya shiga shagon da ita, ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya. "Kujera." "Kujera." Har ta can ƙarshe. Ya fito yana washe baki, ya ce, "Shi ke nan, Baba, baƙo ya tafi." Malam ya tafa, mai gadi ya ce sai a koma ciki ke nan. Kawu ya ce a bari tukuna, iskar waje ta karɓe shi.

Da suka watse, ya miƙo min wayar in mayar masa cikin jakarta. Yana zaune a kan wata kujera da ya gama a ranar, yana gwada ƙarfinta, hannayensa a kan gwiwa. Ban san abin da ya sa ba, na ɗaga wayar na nuna shi, na taɓa gefenta.

Ta ce, "Kujera. Babu kowa."

Ya ji. Bai motsa ba. Can ya ce, "Ƙara."

Na matsa kusa, na daidaita ta sosai da fuskarsa da kafaɗunsa. Ta maimaita.

Ya miƙo hannu, na sa masa ita a tafi. Ya juya ta, ya shafa fuskarta da babban yatsa kamar mai share ƙura, ya sa a aljihu, ba a jakar wuya ba.

Washegari Injiniya ya leƙo, muka faɗa masa a gaban mai gadi, ya ce wannan ma an sani: garin gyara wancan suka wuce gona da iri, yanzu takan kasa ganin wanda ya zauna bai motsa ba. Ya ce na kasuwa har sun sami gyaran gyaran, namu sai kamfanin layi ya saki. Ya tambaya ko za mu koma ofis. Kawu ya ce yana da kujerun wata makaranta a gabansa, ba shi da lokacin shan sanyin ofis.

Yanzu kira kawai yake yi da ita. Anti ta bar aikin asibiti lokacin da ƙafa ta fara damunta, tana zuwa shagon tare da shi, ita ke faɗa masa launi, tana yanka masa igiya, suna faɗa a kan tsawo. Lafiyarsa ƙalau, ya mayar da jikinsa, dariyarsa ana jin ta daga kantinmu. Ban faɗa wa Anti abin da ya faru ranar ba, shi ma na tabbata bai faɗa ba, amma ta ji wani abu a bakin mai gadi. Kwanakin baya ta zaro wayar daga aljihunsa yana tsakiyar ciniki da wani, ta miƙo min, ta gyara zama ta naɗe hannu. Ta ce, "'Yar nan, nuna ni mu ji me za ta ce."

Na karɓa, na dubi fuskar wayar, na ce mata caji ya ƙare.